Sunan Ɗan Fari a Bakin Teku

Shekara ashirin da ɗaya na yi ina raba ɗana da ruwan sanyi. Sikila gare shi, kuma duk uwar da ta riƙi mai sikila ta san abin da sanyi ke yi musu. Da ya taɓa su sai ƙashi ya hau sara, yaro ya dunƙule a gado yana cizon filo. A Kano muka haife shi, yana da shekara biyu muka kawo shi New York, garin da kusan rabin shekararsa ƙanƙara ce. Mun ce asibitin nan ya fi na gida, kuma ya fi ɗin, sai dai ba wanda ya gaya mana cewa sanyin ma ya fi.

A gidanmu na titin Grand Concourse, hawa na biyar, ni ce mai gadin famfo. Kafin ya shiga wanka sai na tara gwiwar hannu na gwada ruwan. Ruwan shansa ba ya shiga firij. Makaranta ta aiko da takardar koyon iyo, na mayar musu da ita ba sa hannu, suka sake aikowa, na sake mayarwa. Ya girma har ya tsayar da gemu ina bin sa bakin lif da safar hannu da hula, yana dariya yana cewa, "Mama, aji za ni fa, ba Alaska ba." Duk wannan bai hana ba. Wata Talata da hantsi ƙirjinsa ya riƙe, aka kwantar da shi, ranar Asabar bayan azahar ya cika.

Shi ne ɗan farina, kuma sunan surukina ya ci, mahaifin mijina. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kuma kiran sunan surukinta, to ni sai abin ya haɗe mini a kan mutum ɗaya. Ban taɓa jin uwata ta ambaci sunan yayanmu ba har ta koma ga Allah, kuma kowa a gidan ya san shi ne ranta. Ubansa da mutanen masallaci da dangi a waya duk laƙabi suke kiransa da shi, irin wanda ake yi wa mai sunan kaka. Ni ko laƙabin ma ban cika faɗa ba. "Kai" nake ce masa, in kuma zancensa nake yi in ce "yaron nan". A asibiti in an tambaye ni sunan majiyyaci sai in miƙa kati.

Ƙanwarsa a nan unguwarmu ta Bronx aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar da amsa, sai ranta ya ɓaci take lalubo Hausa. Lokacin zaman makoki ban yi kuka a gaban mutane ba. Na zauna a kan tabarma a falo ina amsa gaisuwa, ina cewa yaron nan ya huta, ina tashi ina zuba wa baƙi abinci. Ina lura da ita a bakin ƙofar kicin tana kallona, na ɗauka baƙin ciki ne kawai. Daga ranar ta janye. Ta daina cin abinci tare da ni, in na shigo falo ta tashi, in na yi magana ta ce "okay" ta rufe ƙofa. Haka muka ci shekara guda da wani abu. Sai ga shi ta samu aiki a wata jiha mai nisa, za ta tafi da zarar sanyi ya wuce, kuma ubanta ta gaya wa, ni a bakinsa na ji. Na binne ɗaya, ina kallon ɗayar tana haɗa akwati, kuma na san in ta fita a haka ba za ta dawo mini ba.

Wata ranar Juma'a da yamma ina tuƙa tuwo ta shigo ta ajiye wa ubanta takarda a tebur. Wata ƙungiya ce ta iyaye da 'yan uwan masu sikila. A tsakiyar watan Janairu suna zuwa bakin teku su faɗa cikin ruwa, mutane kuma su ba da sadaka saboda su, a taimaki yaran da ke kwance. Ta riga ta sa sunanta.

Ubanta ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya ce, "Wannan wace irin sadaka ce? Sadaka ai ɓoye ta ake yi. Mutum ya tuɓe a gaban kyamara ya ce don Allah yake yi?"

Ni ba tsiraicin ne ya dame ni ba. Na juyo da muciya a hannu na ce, "Ke, kanki ɗaya kuwa? Abin da ya kashe ɗan uwanki shi za ki je ki runguma?"

"Ɗan uwana wa?" ta ce, da Hausa.

"Ɗan uwa nawa gare ki?"

"Ki faɗi sunanshi, Mama. Say it."

Na ce mata ba ta da kunya. Ta ce a ƙasar nan ko kare ne ya mutu ana kiran sunansa. Na wurga muciyar cikin sink ɗin wanke-wanke har tuwo ya fantsama a bango, ubanta ya daka mata tsawa, ko gezau ba ta yi ba. Idonta ya cika da hawaye amma muryarta a tsaye take. Ta ce a asibiti, ranar ƙarshe, yana ta kiran Mama, ni kuma ina zaune wajen ƙafarsa ina cewa "kai, sannu". Ta ce wata nas ta ja ta gefe ta tambaye ta ko ni ce mai aikin kula da shi, yaushe uwarsa za ta iso.

Aikina ke nan dama, kula da tsofaffi a gidajensu, kuma ranar daga wurin aiki na taho da yunifom a jikina. Na zauna a kujera. Na fara yi mata bayanin kunyar ɗan fari, yadda uwata ta yi, yadda kakata ta yi, cewa wanda ba a kiran sunansa shi ne ya fi nauyi a zuciya. Ta bari har na gama.

"Ni ban san wannan ba," ta ce. "Shi ma bai sani ba. Wa ya gaya mana? Ba a Kano muke ba."

Na yi fushi da ita kwana biyu, fushi na gaske, ina wanke-wanke ina mita ni kaɗai. 'Yar da na goya, wai ita ce za ta koya mini yadda ake son ɗa. A rana ta uku fushin ya ƙare, ya bar ni da maganar nas ɗin. A banɗakin tsohuwar da nake kula da ita na kunna famfo don kada a ji ni, na tsaya gaban madubi na ce bari in gwada kiran sunan. Harafin farko ya fito, sauran ya maƙale, sai na ji kamar surukina na tsaye a bayana da carbinsa. Na kashe famfon na koma na ba tsohuwa maganinta.

Maƙwabciyata ta hawa na uku 'yar zangon Kumasi ce, tana sayar da atamfa a unguwar Morrisania. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, shekara goma tana ce mini "ka" har na daina gyara mata. A ɗakin wanki na ƙasan bene na ba ta labari. Ta ninke zanin gado ta ce, "Hajiya, yaran nan abin da kunnensu ya ji shi suka sani. Ka yi shiru, sun ɗauka babu komai a ciki. Ka bi shi wurin ruwan nan, ko tsayawa kawai ka yi." Na ce ina da hawan jini. Ta ce ai ba ta ce in shiga ba.

Ranar Lahadin da za a shiga ruwan na yi sallar asuba na dafa shayi mai citta na cika fulas. Na sa dogon wandon motsa jiki na mijina a ƙarƙashin doguwar riga, na sa ƙaramin hijabi, na cusa bargo da wasu kaya a jaka. Mijina zai fita da tasi, ya dube ni sama da ƙasa, ya gane. Bai hana ni ba, ya ce dai, "Kin sha maganinki?" Na ce na sha.

Jirgin ƙasa na layin D daga ƙasan titinmu yake ɗaukar mutum har ƙarshen layi, bakin tekun Coney Island, ba canji. 'Yata ta gan ni a tashar. Muka shiga tarago ɗaya, ta zauna nesa da ni ta toshe kunnuwanta da waya. Tafiyar ta fi awa guda. Da jirgin ya fito daga rami ya hau gada na leƙa ruwan da ke ƙasa, launin toka, ba ya ko ƙyalli. Ni kuwa ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

A bakin tekun komai a rufe yake, rumfunan abinci da wuraren wasan yara, ƙaton lilon nan mai siffar tayar keke yana tsaye ba motsi. Dusar ƙanƙara ta daskare a kan rairayi, mutum na takawa tana ƙaras-ƙaras. Iska kuwa kamar tana da haƙora. Amma ga mutane cike, suna ihu suna tsalle, ƙattin maza masu tumbi daga su sai gajeren wando, wata tsohuwa da hular sarauta ta roba, wani ya shafe ƙirjinsa da shuɗin fenti. Motar asibiti na tsaye a gefe da ƙofarta a buɗe. Na ce a raina, wato sun san abin da suke yi hauka ne, har sun taho da maganinsa.

Mutanen ƙungiyar tasu suna gefe guda, su ba sa ihu. Yawancinsu baƙaƙen fata ne, 'yan ƙasar da 'yan tsibirai da namu na Afirka. Na ga iyaye mata irina, na gane su daga yadda suke ta gyara wa manyan 'ya'yansu mayafin wuya. Akwai tebur, wata mata mai fara'a tana bayansa. Na ce mata ni ma zan shiga. 'Yata ta juyo da sauri ta ce, "Mama, no." Ban kula ta ba, na sa hannu a takardar da aka miƙo mini.

Sai matar ta ba kowannenmu wata farar takarda mai mannewa a ƙirji, da alƙalami mai kauri. A sama an rubuta da Turanci cewa saboda wane nake shiga, a ƙasa an bar fili. 'Yata ta rubuta nata nan take da manyan baƙaƙe. Ni na riƙe alƙalamin har matar ta tambaye ni ko ina son taimako. Na rubuta "ɗana" da Hausa na manna. 'Yata ta karanta, ta kawar da kai. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ashe da sauran aiki. Kafin a shiga ruwa sai suka yi da'ira aka riƙe hannun juna, kowa ya faɗi sunan nasa da ƙarfi. Wani ya faɗi na matarsa, wata ta faɗi sunaye biyu a jere. Ina jin abin yana matsowa mutum bayan mutum. Da ya iso kaina aka yi shiru ana jira. Na sunkuyar da kai ina kallon rairayi. Kunya biyu ta kama ni a lokaci guda, ta faɗa da ta rashin faɗa, kuma ta farkon ce ta danne ni. Can sai 'yata ta faɗe shi a madadinmu duka, ta saki hannuna.

Aka busa usur. Mutane suka kwasa da gudu suna kururuwa, ita ma ta bi su ba ta waiwayo ba. Na cire takalmi da rigar sanyi na ajiye a kan jaka, na yi bismilla, na taka a hankali kamar mai zuwa ɗebo ruwa.

Taku na farko ban ji sanyi ba, ƙuna na ji. Da ruwan ya kai ƙwaurina sai na ji kamar an dira mini taɓarya a kan ƙashi. Ya kai gwiwa, ya kai cinya, ciwon ya bi ta cikin ɓargo ya hau baya. Numfashina ya tsinke, ina jan iska ba ta shiga. A nan na tuna yadda yaron nan yake kwatanta mini ciwonsa tun yana ƙarami, ya ce kamar ana fasa masa ƙashi daga ciki, ni kuma in ce sannu, in ɗora masa tawul mai ɗumi. Shekara ashirin da ɗaya ina jin wannan magana da kunne. Nawa na minti ɗaya ne, kuma ina da ikon juyawa in fita. Nasa kwana yake yi, wani lokaci mako, kuma a duk tsawonsa yana ɗaga ido ya ga uwarsa wajen ƙafarsa tana ce masa "kai".

Ban ga igiyar ruwan ba. Ta buge ni a ƙirji, rigar da wandon sun sha ruwa sun yi nauyi, na tafi da baya na nutse. Hijabin ya manne mini a fuska, gishiri ya cika mini hanci da baki. Na yi ta lalube har ƙafata ta sami ƙasa. Da na ɗago na fizge hijabin daga fuskata, ban ga 'yata ba, ban ga gaɓa ba, sai kawunan mutane da farin kumfa. Na buɗe baki in nemi taimako, abin da ya fito sunansa ne. Ba zan ce jarumta na yi ba, don ban yi niyya ba, fitowa ya yi kamar amai. Na kira shi da iyakar muryata, yadda ake kiran yaron da ya yi nisa da gida. Na sake kira, na kuma sake, ina kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Hannu ya cafke ni ta baya. Ita ce. Ta ja ni, wani ƙato mai tumbi ya kama ɗaya hannun, suka fito da ni ina jan ƙafa. Aka naɗe ni da wani abu mai ƙyalli kamar takardar gasa kaza, aka ɗora bargona a kai. Ma'aikacin motar asibiti ya auna jinina ya girgiza kai, ya ce in zauna ba inda za ni sai ya sauka. A wani tanti 'yata ta cire mini jiƙaƙƙun kayan da hannunta, don yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, ta sa mini busassu. Ta buɗe fulas ta riƙe mini kofin a baki. Haƙorana na kaɗawa har shayin na zuba a haɓata, tana share mini da gefen tawul.

Wajen azahar muka shiga jirgin komawa. A ƙarshen layi babu mutane sosai, muka sami kujera kusa da juna. Ta ɗauki hannuwana ta cusa cikin rigarta tana murza su. Ta ce tafiyarta tana nan, ta riga ta karɓi aikin, amma za ta riƙa zuwa, kuma in riƙa ɗaga waya in ta kira. Na ce to. Ban nemi fiye da haka ba.

Sai ta ce, "Mama, me kika ce a cikin ruwa?"

"Ai kin ji."

"Na ji. Amma ba haka sunanshi yake ba."

Na dube ta, na ga ba wasa take yi ba. A tsakiyar sunan akwai ƙa mai lanƙwasa, wadda ake matse ta a maƙogwaro, kuma ƙarshensa ja ake yi. Takardun ƙasar nan ba su da wannan harafin. Tun daga ajin farko malamansa suka karanta shi yadda ya zo musu, suka danne farkon suka haɗiye ƙarshen, abokansa suka ɗauka, ƙanwarsa ta ɗauka. A gida kuwa ba mai faɗa, ubansa ba zai kira sunan mahaifinsa ba, ni ma ga yadda nake. Na gaya mata haka kakanta yake amsa shi, haka liman ya raɗa shi ranar suna.

Hannunta ya tsaya da murzar nawa.

"Shi ya sani?"

Na sha jin yaron nan a waya, a kantin magani, a gaban likita, yana faɗin sunansa a karkace yadda suka koya masa. Kowane lokaci sai na ji abin ya soke ni, kuma kowane lokaci sai na yi shiru, don ba yadda za a yi in gyara masa ba tare da na faɗa ba. Na so in yi mata ƙarya, in ce wata rana ubansa ya gaya masa. Ban iya ba.

"Bai sani ba," na ce.

Ta kifa kanta a kafaɗata ta yi kuka sosai, wani mutum da ke gabanmu ya tashi ya koma can ƙarshen taragon. Da ta lafa ta ce in sake faɗa mata. Na faɗa a hankali, a cikin jirgi, a gaban baƙi. Ta maimaita, ƙa ɗin ta zame mata. Na sake faɗa. Sau huɗu ta gwada kafin mu hau gada, ba ta iya ba.